Cokali mai yatsu da ma'aunin wayewa: nazarin littafin Norbert Elias

Duk wanda aka gayyata babbar walima a Paris ko Landan zai tarar da faranti guda a gabansa, amma ƙarafan da aka jera kewaye da farantin za su iya kai 8 ko 10. Cokula masu yatsu suna hagu, wuƙaƙe da cokalin romo suna dama, kaifin kowace wuƙa yana duban faranti, ƙaramin cokalin kayan zaƙi kuma yana kwance daga sama. Ana farawa da na gefe, ana matsowa ciki, kamar yadda abincin yake zuwa kashi-kashi. Wuƙa a hannun dama take, mai yatsu a hagu. Ba a kai wuƙa baki, ba a nuna mutum da ita, burodi kuwa gutsura shi ake yi da hannu. Ƙarfen da ya taɓa abinci ba ya komawa kan ƙyallen tebur. Idan mutum ya ƙoshi, sai ya haɗa wuƙa da mai yatsu gefe da gefe a kan faranti, mai hidima ya gane, ya ɗauke ba tare da an ce masa uffan ba.

Waɗannan ƙa'idoji ba su da wuyar koyo, yini ɗaya ya isa. Nauyin yana ga hukuncin da ke biye da su. Tun zamanin mulkin mallaka ɗan boko ya tashi da jin cewa riƙon cokali mai yatsu wata jarrabawa ce: wanda ya ci ta ya waye, wanda ya faɗi kuwa baƙauye ne. Malamin da ke shirya ɗalibansa zuwa karatu a ƙasashen waje ba zai rasa cin karo da wannan magana ba, kuma amsar da zai bayar tana iya sa yaro ya ji kunyar hannun da uwarsa ta ciyar da shi. Saboda haka ya kamata a koma ga littafin da ya fi kowane yin bincike a kan asalin waɗannan ladubba, a ga abin da ya tabbatar da kuma inda ya yi tuntuɓe.

Mutumin da littafinsa

Norbert Elias Bayahuden Jamus ne, masanin zamantakewa, an haife shi a Breslau a 1897. Ya bar ƙasarsa a 1933 da ƴan Nazi suka hau mulki, ya zauna Paris, sannan ya ƙaura Landan a 1935. A can, a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya, ya duƙufa kan tsofaffin littattafan ladabi waɗanda masana ba su ɗauke su a bakin kome ba. Aikin ya fito da Jamusanci a birnin Basel a 1939, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, kuma mutane kaɗan ne suka kula da shi sai da aka sake buga shi a 1969. Juzu'i na farko ya fito da Faransanci a 1973 da sunan La Civilisation des mœurs, na biyu kuma a 1975 da sunan La Dynamique de l'Occident. Tsakanin 1962 da 1964 Elias ya koyar a jami'ar Gana da ke Legon. Ya rasu a Amsterdam a 1990.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ya jera littattafan ladabi bisa shekarunsu, tun daga ƙarni na 13 har zuwa na 19, ya bi abu guda daga littafi zuwa littafi: cin nama, riƙon wuƙa, fyace majina, tofar da yawu. Daga cikinsu akwai ɗan littafin da Erasmus ya rubuta wa yara a 1530, da na Antoine de Courtin na 1671, da na Jean-Baptiste de La Salle na 1703. Abin da ya lura da shi shi ne, halin da wani ƙarni yake tsawatarwa a fili, ƙarnin da ke biye ba ya ma ambatarsa, domin kunya ta riga ta karɓi aikin tsawatarwa.

Abin da littafin ya tabbatar

Teburin da Elias ya nuna na Turai a tsakiyar zamani ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Sarakai da baradensu suna sa hannu a kwano ɗaya, suna shan ruwa da kofi ɗaya, kowa yana zuwa da wuƙarsa mai tsini a ɗamara, wani faffaɗan yankin burodi shi ne faranti. Ana zuba wa baƙi ruwa su wanke hannu kafin a fara. Har a zamanin Erasmus, ɗaukar abinci da yatsu uku alama ce ta ɗan gidan mutunci.

Cokali mai yatsu daga gabas ya shigo. Wani babban malamin coci, Petrus Damiani, wanda ya rasu a 1072, ya ba da labarin wata gimbiya daga daular Rumawa ta Kustantiniya da aka kai aure gidan sarautar Venis. Ba ta taɓa abinci da hannu, sai da wani ɗan ƙarfen zinariya mai yatsu biyu. Da ciwo ya kama ta, malamin ya ce sakayyar girman kai ce. Bayan shekaru fiye da 500, wani Bature ɗan Ingila, Thomas Coryat, ya ga wannan ƙarfe a Italiya a tafiyarsa ta 1608, ya koma gida da shi, ya ba da labarinsa a littafinsa na 1611, abokansa suka mai da shi abin ba'a. A Faransa an yi wa fadar Henri na 3 habaici a rubuce saboda wannan sabon salo. Shi kansa Louis na 14, wanda ya rasu a 1715, da yatsunsa yake cin nama.

Daga nan Elias ya kai ga maganar da ta fi kowace ƙarfi a littafin. Ana yawan cewa Turawa sun bar ci da hannu ne saboda tsabta. Littattafan da kansu ba su faɗi haka ba. Dalilin da suke bayarwa shi ne abin ba shi da kyan gani, ko kuma manya ba za su ji daɗi ba. Ilimin ƙwayoyin cuta na su Pasteur sai a rabi na biyu na ƙarni na 19 ya zo, lokacin da al'adar ta riga ta kafu a gidajen masu hali. Har yau Bature yana ɗaukar burodi da cakulan da hannu ba tare da fargabar cuta ba. Abin da yake gudu shi ne a gan shi da maiƙo a yatsu. Ke nan, a ganin Elias, cokali mai yatsu ƙyama ce da aka ƙera ta ta zama ƙarfe.

Haka ya bi da wuƙa. Makami ce, tana tuna wa mazauna tebur kisa, shi ya sa aka yi ta kewaye ta da hani: a miƙa ta ta wajen ƙota, kada a kai ta baki, kada a yanka abin da mai yatsu zai iya rabawa. Dabbar da a dā ake kawowa sukutum da kanta da ƙafafunta a yanka a gaban baƙi, sannu a hankali aka mai da yankanta madafa, inda ido ba ya gani.

Juzu'i na biyu ya nemi sanadi. Da sarakunan Faransa suka tattara makamai da haraji a hannunsu, sai baraden da ke rayuwa da takobi suka koma fadawa masu rayuwa da neman yardar sarki. A fadar Versailles wanda bai iya kame kansa ba ya rasa matsayi. Ladabin tebur ya zama shaidar asali. Attajiran birni suka kwaikwaya, masu sarauta suka ƙirƙiro sabon salo don su tsere musu, aka yi ta yi. A ƙarshe makaranta ta ɗauka: littafin La Salle ya daɗe yana zama littafin koyon karatu ga ƴaƴan talakawa, ya kai ɗabi'ar fada har cikin gidajensu.

Wannan sashe na aikin ya cancanci yabo, kuma yana da amfani ga malami kai tsaye. Ya nuna cewa ƙa'idar tebur tana da ranar haihuwa, tana da iyaye, kuma iyayen su ne gasa da neman fifiko. Wanda ya karanta shi ba zai ƙara ɗaukar tsarin ƙarafan nan a matsayin hukuncin hankali ko na likita ba.

Inda ma'aunin ya karkace

Sai dai littafin bai tsaya nan ba. Ya ɗauki nisan da ke tsakanin hannu da abinci a matsayin alamar ƙaruwar kamun kai, ya ɗaura wannan ƙaruwa a kan kafuwar mulki mai ƙarfi. A nan ne hujja ta fara rauni, ta fuskoki huɗu.

Na farko, shekarun ba su bi tsarin ba. Ƙasar da cokali mai yatsu ya fara yaɗuwa cikinta ita ce Italiya, wadda a lokacin a rarrabe take, birane da ƙananan dauloli suna yaƙar juna. Attajirai da ƴan kasuwa ne suka riƙe shi, kuma cin taliya mai zafi da santsi ya taimaka. Sarkin da ya fi kowa tattara iko a hannunsa kuwa, mai fadar Versailles, shi ne bai yarda da shi ba. Idan mulki mai ƙarfi ne uban wannan ƙarfe, to ɗan ya riga ubansa zuwa duniya.

Na biyu, Elias ya ba zuciya babban rabo, ya rage wa maƙera da ƴan kasuwa nasu. Tarin ƙarafan da ke rikita baƙo a yau ɗan ƙarni na 19 ne. A dā ana jera dukan abinci a kan tebur lokaci guda. Daga baya aka ɗauki salon kawo shi kashi-kashi, wanda ake kira salon Rasha, ana danganta shigowarsa Paris ga Alexandre Kourakine, jakadan Rasha a can tsakanin 1808 da 1812. Kowane kashi ya nemi nasa ƙarfe. A 1840 gidan Elkington na Birmingham ya yi rajistar fasahar shafa wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki, a 1842 Christofle na Paris ya sayi izinin irin wannan aiki, kayan da a dā sai gidan sarauta suka shiga gidan akawu da ɗan kasuwa. Hanin yanka kifi ko ganyen salati da wuƙa ma yana da dalili na zahiri: ƙarfen wuƙar dā yana baƙi idan ya haɗu da lemun tsami ko ruwan tsami, yana ɓata ɗanɗano. Da Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Sheffield a 1913, dalilin ya kau, hanin ya zauna. Zamansa ya gaskata Elias a kan ƙarfin al'ada, amma asalinsa a maƙera yake.

Na uku, Turawan da kansu ba su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya ba. A Faransa ana kife mai yatsu a kan tebur, domin a bayansa ake zana tambarin gida; a Ingila yatsun sama suke duba. Bafaranshe yana barin hannayensa a kan tebur, a gan su. Ɗan Ingila yana iya ajiye nasa a cinya. Ba'amurke kuwa yakan yanka nama, ya ajiye wuƙa, ya mai da mai yatsu hannun dama, sannan ya kai baki. Babu wanda zai iya jera waɗannan uku a kan tsani ya ce wane ya fi wane kamun kai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, dukan shaidun Elias daga yanki ɗaya suke: Faransa, Jamus, Italiya, Ingila. Da ya leƙa waje, da ya tarar da ladubban da ba su buƙaci ƙarfe ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da almajirai ke karantawa a zaurukan Damagaram da Maraɗi da Tawa, tana da babi a kan ci da sha: a ci da dama, a ci daga gabanka idan da abokin ci, kada a ɗauki loma sai an gama da ta baki, kada a hura abinci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban ci. Ya hana zura wa abokin ci ido, ya hana karkaɗe hannu a cikin kwano, ya hana sunkuyar da kai a kansa yayin kai loma, ya hana mai da gutsuren da haƙori ya taɓa cikin romo, kuma dalilin da ya bayar shi ne kada a yi abin da wani zai ƙyamata. Ya ma ƙi a sa wa burodi wuƙa. Wannan ita ce ƙyamar da Elias ya bi sawunta, an rubuta ta fiye da shekaru 400 kafin Erasmus, kuma ba ta haifi cokali mai yatsu ba.

Mai kare Elias zai ce ai irin waɗannan hane-hane akwai su a littattafan Turai na tsakiyar zamani, don haka suna nuna matakin farko ne. Amma wannan amsa ta riga ta ɗauka cewa hanya ɗaya ce, kuma ƙarshenta faranti ɗaya ga mutum ɗaya, alhali wannan shi ne abin da ake neman a tabbatar. A duba yaron da ke cin tuwo a akushi ɗaya da mahaifinsa da yayyensa. Ya wanke hannu, ya jira babba ya fara, ya dafa bakin akushi da hagu, ya tsaya a gefensa, bai kai hannu ga nama ba sai an miƙo masa, bai ɗaga ido ya dubi fuskar babba ba, yana kuma auna lomarsa da yawan hannayen da ke cikin kwano. Wanda aka zuba wa nasa a faranti an riga an yi masa awo. Wanda ke ci da jama'a shi ke yi wa kansa awo a kowace loma, da yunwa a cikinsa. Idan kamun kai ake nema, ga shi nan.

Ta wajen wuƙa ma ma'aunin yana juyowa kan mai shi. Elias da kansa ya ambaci cewa mutanen Sin sun kau da wuƙa daga tebur tun da daɗewa, har suna ganin Turawa a matsayin masu ci da takubba. A ƙasar Hausa ma mahauci da uwargida ne ke gama yanka, ba a kawo wuƙa wurin cin tuwo. Fura da kunu suna da ludayinsu. Bisa ma'aunin littafin, waɗannan sun riga Paris isa.

Adalci ga marubucin

Ba daidai ba ne a mai da Elias mai yi wa mulkin mallaka kirari. A farkon littafin ya bayyana cewa kalmar wayewa madubi ce da Turai take duba kanta a ciki, kuma ya nuna yadda ta zama hujjar cin ƙasashe, har ya kawo misalin jawabin Napoleon ga sojojinsa a kan hanyar Masar a 1798. Ya kuma nanata cewa babu al'ummar da ta fara daga babu. Ya san cewa abin da aka gina yana iya rushewa: mahaifiyarsa a wani sansanin ƴan Nazi ta halaka, kuma manyan jami'an da suka tsara wannan kisa sun iya riƙe wuƙa da mai yatsu sarai. Littafinsa na 1989 a kan Jamusawa ƙoƙari ne na fahimtar wannan rushewa.

Duk da haka, sukar da aka yi masa tana da tushe. Hans Peter Duerr ya rubuta juzu'i 5 tsakanin 1988 da 2002 yana nuna cewa kunya ba ta jira fadar sarakunan Turai ba. Jack Goody, wanda ya yi shekaru yana bincike a arewacin Gana, ya ware masa babi a littafinsa na 2006, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Le Vol de l'histoire, yana zarginsa da auna duniya da mudun gida ɗaya. Abin mamaki shi ne mutumin da ya zauna shekara 2 a Afirka ta Yamma bai sake buɗe babin tebur ya sa kwanon da ya gani a can ba. Littafin tarihi ne mai kyau na yadda manyan Turai suka koyi jin ƙyama. Sunan da aka ba shi ne ya fi shi faɗi.

Abin da ya rage ga malami

Ɗalibin da zai tafi Liyon ko Montreal yana da haƙƙin a koya masa tsarin tebur ɗin can, dalla-dalla, kamar yadda ake koya masa nahawun Faransanci. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Rashin sani zai sa shi takura a gaban mutane, takurar kuma za ta hana shi faɗin abin da ya je faɗi. Amma yadda ba a ce wa yaro Hausa kuskuren Faransanci ce, haka bai kamata a ce masa hannu kuskuren cokali ne ba.

Akwai wuri ɗaya da tsarin biyu suke karo da gaske. Salon Turai yana kai abinci baki da hagu, tarbiyyar gida da ta addini kuma ta hana. Malamin da ya san tarihin nan yana da amsa a hannu: salon Amurka da dama yake kai loma, kuma ana karɓarsa a manyan walimomi. Yaro zai iya yanka, ya ajiye wuƙa, ya ci da damansa, bai saɓa wa tebur ba, bai saɓa wa gida ba.

Babin Elias a kan cin abinci gajere ne, yana karantuwa a ajin manyan ɗalibai. Zai fi amfani idan an ajiye shi kusa da babin Risala, a bar ɗalibai su gwada hani da hani, dalili da dalili. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aikin da ke jiransu. Elias ya iya rubuta tarihinsa ne domin Turawa sun rubuta ladubbansu ƙarni bayan ƙarni. Ladubban akushi da ƙwarya yawancinsu a bakin tsofaffi suke, kuma a birane shinkafa da taliya da faranti da cokali suna sauya zaman cin abinci. Wa ke fara sa hannu a Gobir, wa ke raba nama a Adar, me ake ce wa yaron da ya tsallaka gaban wani a Damagaram, yaushe suruki yake cin abinci a gaban surukinsa: waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai za su iya kai wa kakanninsu a hutu ɗaya, su dawo da amsa a rubuce.